Furen da Ba Ya Son Ƙasa

A can wani zamani, a wani gari mai zafin rana, an yi wata yarinya mai son furanni. Wata rana kawunta, falke ne, ya dawo daga kurmi da wani tsiro manne da ɓawon itace, saiwoyinsa duk a waje.

Ya ce, "'Yata, irin wannan da wuya a same shi. Ba ya son ƙasa, inuwa yake so da ɗan ruwa."

Ta ɗaure shi a jikin tsamiyar gidansu. Kullum da safe sai ta yayyafa masa ruwa, ta gyara masa inuwa.

Damina ta wuce, bai yi fure ba. Ƙawayenta suka yi ta dariya, suka ce, "Ke, jefar da abin nan ki shuka rama!" Ta yayyafa masa ruwa, ta gyara masa inuwa.

Rani ya yi tsanani, ganyensa ya yanƙwane. Ta zauna a gindin tsamiya ta yi kuka har ta gaji. Sannan ta tashi, ta yayyafa masa ruwa, ta gyara masa inuwa.

Da ruwan farko ya sauka, sai ga furanni farare tas sun jeru, ƙamshi ya cika unguwa. Ƙawayen suka sheƙo a guje.

"Don Allah ki sam mana!"

Ta yi murmushi, ta ce, "Zan sam muku. Amma gobe da safe kowa ta zo da ƙwaryar ruwanta."