Kwakwar Cibiya a Garin Farar Ƙasa

Sename tana bakin ƙofa tana shayar da jaririnta, ta lulluɓe shi saboda hayaƙin tanderu, sai mahaifiyarta Dada Yawa ta dire tukunyar akple, tuwon masararsu, da ƙarfi.

"Wannan gari ne ko sansanin wahala? Ki haɗa kayanki, ba za a binne cibiyar jikana a nan ba!"

Gaskiya garin bai kai a kira shi gari ba. 'Yan bukkoki ne a bakin teku, na mutanen da suka fara zuwa fasa dutse suna ƙona shi ya zama farar ƙasa. Rijiyoyin duk gishiri, kuma ba a taɓa haihuwa a wurin ba sai wannan karon. A al'adarsu, inda aka binne cibiyar yaro aka shuka kwakwa a kai, nan ne gidansa. In cibiya ta tafi ƙauye, yaro da uwarsa sun tafi ke nan.

Elikem, mijin Sename, ya durƙusa ya roƙi surukarsa. Ta dubi hannayensa da farar ƙasa ta tsattsaga, ta ce to, a shuka. In kwakwar ta tsiro ta bar masa matarsa, in kwakwar ta mutu, Sename da jaririn su koma ƙauye tare da ita.

Aka shuka. Kullum Elikem ya taso daga tanderu yana tari, sai ya ɗauki tulu ya tafi rafi mai nisa. Kwakwar dai shiru. Sename ta rame, tana kuka a ɓoye.

"Ko za a ɗauke ni, zuciyata tana nan," ta ce masa.

"Ni ba zuciya kaɗai nake so ba, Sename, har da ke."

Wata rana da tsakar rana Dada Yawa ta hango Elikem ya dawo da tulu, leɓɓansa sun bushe. Ya kai moɗa baki, ya fasa, ya juye ruwan a ramin kwakwar. Washegari tsohuwar ta hau kwalekwale ta tafi, Sename ta tabbata kawunnanta ta je kirowa su ɗauke ta. Gidan ya zama kamar gidan makoki.

Da kwalekwalen ya dawo, ba kawu ko ɗaya. Dada Yawa ce da kwando a ka, cike da baƙar ƙasa daga gonar marigayi mijinta. Ta tone gefen ramin da hannunta ta zuba, ta dubi Elikem.

"Kai da taurin kai, ruwa kaɗai ba ya raya abu a kan dutse. Miƙo tulun."

Sename ta rungume ta tana kuka. Kafin damina ta wuce, ɗan koren tsiro ya leƙo, shi ne itacen farko a garin.

Haƙuri ne ya riƙe auren nan, amma bai yi saiwa ba sai da uwa ta sa albarka. Har yau Dada Yawa tana cewa garin ba gari ba ne, tana faɗa tana zaune a inuwar kwakwar.