Yarinyar Da Ta Tafa Kafin A Gama

Ba son kiɗa ne ya kai Tamsin Doyle zauren makaɗa ba. Likitancin dabbobi take karantawa a birnin Adelaide, amma malamai suka ga dama suka ce sai kowane ɗalibi ya je ya saurari simfoni, wato dogon kiɗan Turawa na taron makaɗa, ya rubuto abin da ya ji, wai don ya waye. Tikitin ɗalibai kuwa a bayan makaɗa yake ajiye mutum, yana kallon ƙeyarsu, 'yan kallo suna kallon fuskarsa.

Daga nan ta ƙare wa manyan gari kallo. An sha kwat da sarƙoƙi da ranar Allah, an lumshe ido wai kiɗa na ratsa jiki, alhali rabinsu barci suke. Dab da ita, a layin ƙarshe na makaɗa, wani saurayi mai jan gashi na zaune da faifan tagulla biyu a cinya. Masu goge suna ta haɗa gumi, shi ko motsi. Sai can ya miƙe ya gwara faifan sau ɗaya, kiɗa ya ɗauke.

Tamsin ta ga ai bawan Allah ya yi ƙoƙari, ta shiga tafi. Ita kaɗai.

Simfoni kashi huɗu ne, kuma a wajen mutanen nan haramun ne a tafa kafin ƙarshen na huɗu. Tari dai an halatta, kowa ya yi ta yi kamar a asibiti. Ka tambaye su wa ya kafa dokar, babu mai sani. Waɗanda suka tsara kiɗan tun asali ma a tsakiya ake tafa musu, suna murna. Amma zaure ya zubo mata harara kamar ta shigo da akuya. Mai faifan ne kaɗai ya waiwayo yana danne dariya.

Da aka fita shan shayi sai ga shi.

"Ke ce mai tafin?"

"Kai ne mai zaman banzan?"

"Sunana Fergus. Shekaru na yi ina koyon zaman nan, malama."

"Mu a gona da murfin tukunya muke korar aku, kuma babu mai sa mana kwat."

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, sannan ya karɓi lambar wayarta. Kafin ta isa tashar bas saƙonsa ya shigo.

"'Yar tafi, tunda na fara aiki ba a taɓa tafa mini ni kaɗai ba. Asabar kina da lokaci?"

"Mai murfi, ina da saniyar da zan duba. In ba ka ƙyamar kashin shanu, zo."

Ya je, da fararen takalma. Bai sake sa su ba, amma kowace Asabar sai ya koma.

Matsalar ita ce mahaifiyarsa, Misis Hallam, wadda ta riƙe kujera ɗaya a layi na uku tun kafin a haife shi, kuma take ganin kiɗan ba zai yiwu ba in ba ta zauna ba. Ta riga ta zaɓa masa Cordelia, mai goge a ƙungiyar, yarinyar da ke magana ƙasa-ƙasa kamar kalma za ta fashe a bakinta.

"Wadda ta tafa ɗin nan? Fergus, gwajinka fa ake yi a wajen aiki har yanzu. So kake a riƙa nuna ka da baki?"

"Mama, tafi ta yi, ba sata ba."

"Da satar ce da babu wanda ya ji."

Ta gayyaci Tamsin shayi, ta zuba mata a kofin da ba a ba baƙin kirki, ta ce da murmushi, "'Yan mata, in kin sake zuwa ki zauna a kan hannuwanki. Babban taimakon da za ki yi masa ke nan."

Tamsin ta haɗiye maganar, don ba ta son ta ja masa asarar aiki. Lahadi ta zo, ta koma zauren ta danne hannuwanta. Aka kai ƙarshe zaure ya miƙe da tafi, ita ba ta yarda an gama ba, ta ci gaba da dannewa. Fergus ya waiwayo ya gan ta ƙiƙam. Ita kuma ta hango Cordelia ta riƙo masa hannu suna fita.

"Yau ban cancanta ba ke nan?" ya rubuto.

"Ai kana da masu tafa maka a kan lokaci."

Daga nan waya ta yi shiru har mako ya zagayo. Uwar ce da bakinta ta tona, tana yabon kanta wajen cin abinci cewa ta koya wa 'yar ƙauye zama. Fergus ya ajiye cokali.

"'Yar tafi, na ji abin da Mama ta ce miki. Lahadin nan babu aikin faifai. Na saya mana kujera biyu a wurinki. Don Allah ki zo."

"Zan zo, amma don an riga an sayi tikitin."

Suka zauna a bayan makaɗa, zaure duk yana kallonsu. Kashi na farko ya ƙare, masu tari suka gyara maƙogwaro. Fergus ya miƙe tsaye ya shiga tafi iya ƙarfinsa, idonsa a kan layi na uku. Madugun kiɗa ya sanƙare da sanda a sama. Cordelia ta sunkuyar da kai. Misis Hallam ta rufe fuska da takardar jerin kiɗe-kiɗe.

"Zauna, mahaukaci, za su kore ka!" Tamsin ta ja masa riga.

"Su kora. Za ki aure ni?"

"In ka zauna."

Bai zauna ba sai da ta miƙe ta taya shi. Ba a kore shi ba kuwa, faɗa kawai ya sha, don masu iya zaman banza irin nasa ba su da yawa a garin.

A gonar su Tamsin aka ɗaura aure, nama na gasuwa, aku na ihu a kan itatuwa. Misis Hallam ta zo da fuska a ɗaure da hula kamar faifan ɗanta. Fergus ya faɗi alkawarinsa, mai ɗaurin aure ya ɗan tsaya ya ja numfashi kafin ya juya wajen amarya. Sai aka ji tafi raf-raf daga layin gaba. Misis Hallam ce, hawaye na zuba, ita kaɗai.

Tamsin ta leƙo ta bayan ango.

"Mama, ba a gama ba fa."

"Na sani, 'yata. Yi naki, ina da saura."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya albarkace su da 'ya'ya masu tafi duk lokacin da abu ya yi musu daɗi.