Abin da Sadiƙa Ta Goge

Akwai wata yarinya a Sabon Birni mai suna Sadiƙa. Tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Tana da ƙoƙari sosai, amma ba abin da take tsoro kamar a yi mata dariya.

Wata Litinin, Malama Nuriyya ta shigo aji da kwali a hannu. Da ta buɗe, sai ga kwamfutocin hannu sababbi fil. Nan take aji ya kaure da surutu.

"Ku natsu," in ji Malama. "Ba don wasa aka kawo su ba. Za ni raba ku bibbiyu, ku riƙa karɓa bi da bi. Ku ɗauko bidiyo na minti biyar a kan wani aiki da ake yi a gidajenku. Ran da za a nuna, iyayenku za su zo."

Aka haɗa Sadiƙa da Halima, wadda take zuwa makaranta daga rugar bayan gari. Halima ba ta cika magana a aji ba, domin Hausarta tana fita da karin Fulatanci.

"Mi za mu yi?" in ji Sadiƙa.

Halima ta yi ɗan tunani. "Ku kuna da gero, mu muna da shanu. Mu yi fura da nono."

Ran Asabar da sassafe suka tafi ruga. Goggo Kadijatu, mahaifiyar Halima, ta tsuguna tana tatsa. Halima ta tsaya kusa da saniya tana bayani, Sadiƙa tana ɗauka. Ran nan bakin Halima ya buɗe. Ta faɗi sunan kowace saniya. Ta nuna yadda ake kwantar da madara ta zama nono, da yadda ake kaɗa shi a fitar da mai.

Da hantsi suka dawo gidan su Sadiƙa. Innarta ta surfa gero, ta daka, ta dafa, ta kirɓa, ta cura fura. Wannan karon Sadiƙa ce ta yi bayani.

Ran Talata lokacin hutun tara, Sadiƙa ta zauna ita kaɗai tana haɗa bidiyon. Sai wani ɗan ajinsu, Muntaka, ya leƙo ta bayanta. Da ya ji muryar Halima, sai ya kwashe da dariya. Ya toshe hanci yana kwaikwayon maganarta. Abokansa biyu suka taya shi.

Sadiƙa ta janye kwamfutar. Ta ce a ranta, "In mutum uku sun yi haka, ina ga aji guda har da iyaye?"

Ta duba hagu, ta duba dama. Ta yanke duk wurin da Halima take. Kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata tana son gogewa. Ta danna "E".

Da Halima ta ce a nuna mata bidiyon, sai Sadiƙa ta ce, "Bari sai ranar. Ya yi kyau."

Ranar nuni ta zo. Aka rufe tagogi, aka kunna majigi, hoto ya fito a jikin bango. Goggo Kadijatu ta tako tun daga ruga, sanye da sabon zane. Ta zauna a gaba, kusa da Innar Sadiƙa.

Bidiyon ya fara da turmi. Ga gero, ga tukunya, ga Sadiƙa tana ta bayani. Aka cura fura. Sai hoto ya ɗauke.

Goggo Kadijatu ta ci gaba da kallon bango, tana jiran shanunta su fito. Ba su fito ba. Ta juya ta dubi 'yarta. Halima ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan hijabinta.

"Sadiƙa," in ji Malama, "fura da nono kuka rubuta mini. Na ga fura. Ina sauran?"

Sadiƙa ta miƙe. "Malama, na goge."

"Kuskure ne?"

"A'a, Malama. Na ji tsoro kada a yi mana dariya."

Malama ta kashe majigi. Sannan ta ce, "Aikin mutum biyu ne. Ba ni ba da maki ga rabin aiki."

Goggo Kadijatu ta gyara mayafi, ta kama hannun 'yarta, suka fita.

A gida, Inna ba ta yi faɗa ba. Ta dama fura da ruwa zalla, ta miƙa wa Sadiƙa. Sadiƙa ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Inna, gaya ce. Babu nono."

"Ai irin wadda kika nuna wa mutane ke nan," in ji Inna. "Matar nan ta bar shanunta ta zo ganin ɗiyarta. Kin san nisan da ta tako?"

Sadiƙa ta fashe da kuka.

Washegari bayan an tashi daga makaranta, Inna ta raka ta ruga. Sadiƙa ta durƙusa. "Goggo, ki gafarce ni. Halima, na cuce ki. Kunyar banza ta sa ni."

Halima ta ɗago kai ta dube ta. Can ta ce, "Na yafe. Amma in za mu sake, ke ma sai kin yi magana da harshenmu."

Malama ta ba su mako guda su sake bidiyon, suka koma ruga. Halima ta ɗaga ƙwarya, ta ce sunanta "tummude" da Fulatanci. Sadiƙa ta buɗe baki ta ce, "Tumbuɗe." Ƙannen Halima suka yi ta dariya har suna faɗuwa. Sadiƙa ta ji kunya, amma ta sake gwadawa. Sai a karo na huɗu ta faɗa daidai.

"Ashe haka kike fama da Hausa kullum?" ta tambaya.

"Kullum," in ji Halima.

Malama ta koya musu yadda ake sa rubutu a ƙasan hoto. Duk abin da ya fito, sai sunansa ya bayyana da Hausa da Fulatanci. Ko kuskuren Sadiƙa ba su cire ba.

Aka sake gayyatar iyaye. An yi dariya a wurin "tumbuɗe", Sadiƙa ma ta yi. Da Halima ta fara bayanin shanu kuwa, aji ya yi tsit. Da aka gama, tafi ya ɓarke. Muntaka ya tashi ya ba Halima haƙuri a gaban kowa. Goggo Kadijatu ta ce a maido mata wurin farar saniyarta, aka maido har sau biyu.

Malama Nuriyya ta ce, "Yara, kwamfuta ba ta san daidai ba, ba ta san kuskure ba. Abin da kuka sa ta shi take yi. Ku yi tunani kafin ku danna. Kuma kada tsoron dariya ya sa ku wulaƙanta abokin aikinku."

Tun daga ranar, Sadiƙa ba ta sake taɓa aikin wani ba sai da izininsa. Ita da Halima kuwa suka zama aminan juna.