Kujerar Zailani

"Ina mutumin yake, Murja?"

Ta ɗago a firgice. Muhsin ne tsaye a kanta, yana haki, ga jirgin ƙasan har ya fara tafiya.

"Wane mutum?"

"Teema ta ce duk wata kina sayen tikitin kujera biyu zuwa bakin teku. Tun daga tashar Abbey Wood nake bin ki."

Teema dai! Ƙanwar nan tasa tun farko ta rantse yayanta ba zai auri bazawara ba, ga shi jibi kawunnansa za su je neman auren.

Murja ta nuna kujerar jikin taga. Rigar sanyi ce a ninke a kai.

Muhsin ya gane ta. Ta Zailani ce, amininsa, mijin Murja da ya rasu shekara biyu da suka wuce. Ya zauna yana fuskantarta.

Bayan sun wuce garin Exeter teku ya fito, jirgin ya rage gudu, ruwa na dukan katanga har yana fantsamo wa gilashi.

"Nan yake kawo ni," ta ce a hankali. "Wai jirgi mai sauri ba ya barin mutum ya ga komai."

Jirgin ya shiga rami cikin dutse, taga ta yi baƙi. Murja ta ƙura mata ido.

"Ga shi nan... kullum a nan nake ganinsa."

"Masoyiyata, Zailani ya rasu."

"In ji wa?" ta faɗa da zafi. "Ya je Gombe gaida Inna. Da safe aka kira ni, kafin azahar wai an rufe shi. Ina nan ƙasar Turawa cikin takaba, ba damar tafiya. Ban ga gawa ba, ban ga likkafani ba. Waya kawai! Har yau bakina ya kasa yi masa addu'ar mamaci."

Tausayinta ya kama shi, tsoro ma ya kama shi. In ya yi shiru, matar wani zai aura. In ya faɗa, ƙila duk ta kalle shi kabari za ta gani.

"Ni na shiga ramin kabarinsa, Murja."

Ta juyo.

"Ina Gombe ranar. Da hannun nan na karɓe shi, na kwantar da shi ta gefen dama, na kwance ɗaurin kansa. Na ɓoye miki ne don kada ki guje ni."

"Ka ga fuskarsa?"

"Na gani, wajen wanka. Kamar mai barci."

"An jera itacen da kyau? Ƙasa ba ta taɓa shi ba?"

"Ni na jera. Ba ta taɓa shi ba."

Sai ga kukan da ta riƙe shekara biyu, har wata tsohuwar Baturiya ta miƙo mata hankici. Muhsin ya bar ta ta yi mai isarta.

Sun kusa Teignmouth ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "In ce wa su Kawu su fasa?"

Ta girgiza kai. "Su je."

Ta share ido, ta ɗaga tafin hannuwanta.

"Allah ya jiƙan Zailani..."

"Amin," in ji Muhsin.