Sunan da Rahinatu Ba Ta Faɗa

"Na gama da koyarwa a lekol ɗin nan, Rahinatu. Ƙarshen wata zan karɓi babur a hannun abokina Jibirin."

Rahinatu ta ajiye wa mijinta Hayatu kofin shayi, ta zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa. Ruwan Duwala bai ɗauke ba tun asuba, kwata ta cika ta shigo tsakar gida, ita kuwa tun ba ta fita ba ta gaji.

"Acaɓa, Malam? Kai da ka koya mini riƙon alli?"

"Gara acaɓar, bensikin ɗin. Ko ba komai fasinja zai kira ni."

"Don Allah masoyi..."

"A ɗaki ni masoyi ne. A lekol fa, ni wane ne?"

Ya bar shayin, ya ɗauki lemarsa ya fita.

Hayatu ya riga ta fara koyarwa a 'yar makarantar boko da Arabiyya da ke bayan kasuwa a unguwar New Bell. Ranar da ta fara shiga aji yara suka sa ta kuka, shi ya tsaya a taga yana dariya, shi kuma ya koya mata yadda ake kallon yaro ya yi shiru ba tare da bulala ba. Daga nan soyayya ta shiga, aka yi aure. Da tsohon shugaban makarantar ya koma Garwa, mai makarantar, Alhaji Badamasi, ya damƙa wa Rahinatu makullai. Hayatu ne ya fara yi mata murna, kuma har zuciyarsa ya yi.

Kujerar ba ta dame shi ba. Suna ne ya dame shi.

Tun da aka ɗaura aure Rahinatu ba ta taɓa faɗar sunan mijinta ba, kunya ba ta bari. Tsohuwa, mahaifiyarsa, wadda ke soya makala, wato fanke, a bakin ƙofar makarantar, da wannan take cika baki a duk unguwa. A gida abin gwanin sha'awa. A taron malamai kuwa, Rahinatu za ta raba aiki, Malam Iro kaza, Madam Asta kaza, in ta zo kansa sai ta sunkuyar da kai ta tsallake. Wasu suka ce shagwaɓa shi take yi. Wasu suka raɗa masa "mijin Madam", har yara suka ɗauka.

Sai rikicin yankin masu Turanci na Kamaru ya koro mutane. Yara suka yi ta isowa daga Bamenda da Kumba, wasu da iyaye, wasu da kaka kawai, ba Faransanci a bakinsu sai Pijin. Suna zaune a bayan aji shiru, ko murfin tebur ya faɗi sai su zabura. Kowa ya san a Kumba Hayatu ya girma, Pijin a bakinsa kamar ruwa. Rahinatu ta fi kowa sani. Amma da ta tashi ba da ajin yaran a gaban malamai, ta buɗe baki sunan ya maƙale, sai ta ji kanta tana cewa, "Madam Asta."

Madam Asta ba ta jin ko gaisuwa da Pijin. Mako guda yaran suna kallonta tana kallonsu, shi kuma Hayatu yana wucewa ta taga yana cizon leɓe. Abin da ya ƙure shi ke nan.

Da Rahinatu ta iso ƙofar makaranta da safiyar nan, Tsohuwa na ƙarƙashin rumfarta tana fama da jiƙaƙƙen gawayi. Rahinatu ta durƙusa ta gaishe ta.

"'Yar albarka," in ji Tsohuwa. "Jiya ma nake gaya wa maƙwabciyata Zaituna, surukata da ofis ɗinta da komai, amma ko da wasa ba ta taɓa kama sunan ɗana ba."

Rahinatu ta yi murmushin dole. Yabon ya yi mata nauyi fiye da zagi. Ta gaji da zama mutum biyu, ta gaji da tsoron bakin unguwa, kuma tana son mijinta, so mai sa mutum ya rasa barci.

Ruwa ya tsagaita, aka buga ƙararrawa. Yara suka yi layi a cikin taɓo, aka ɗaga tuta, malamai suka jeru a gefe. Hayatu na can ƙarshe, hannu a aljihu. Ƙofa a buɗe take, daga rumfar makala ana jin komai.

Rahinatu ta hau dakali. Ta dubi yaran Bamenda da suka cure wuri guda kamar 'yan tsaki.

"Daga yau akwai canji," ta ce. "Ajin baƙinmu zai koma hannun malamin da ya fi mu cancanta. Shi ya koya mini aikin nan."

Ta juya wajen layin malamai.

"Malam Hayatu."

Madam Asta ta dafe baki. A rumfa, matsamin Tsohuwa ya daina motsi a cikin mai.

Hayatu ya cire hannu daga aljihu. Ya daɗe yana kallonta kamar yau ya fara ganinta, sannan ya tako gaba.

"Présent, Madame la Directrice," ya amsa da Faransanci, kamar ɗalibin da shugaba ta kira sunansa.

Ya juya wurin yaran, ya rage tsawo, ya yi musu ina kwana da Pijin. "Wuna good morning. How wuna sleep?"

Wata yarinya da ba a taɓa jin muryarta ba ta ɗaga kai da sauri. "We sleep fine, sa," ta ce, sai hawaye. Sauran suka dafe shi.

Rahinatu ta sauko daga dakalin. Ba ofis ta nufa ba, rumfa ta nufa, ta durƙusa a cikin taɓon.

"Inna, ki yafe mini..."

Tsohuwa ta ci gaba da juya makala ba ta dube ta ba. Har Rahinatu ta fid da rai.

"Na ji da kunnena," in ji ta daga ƙarshe. "Ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye miki ba. Amma tun da kika hau kujerar nan ban ga ɗana ya miƙe wuya haka ba." Ta naɗe makala biyu ta tura mata. "Tashi, kina ɓata zanen ofis. A gida dai kar in ji."

Lokacin tara, Hayatu ya leƙo ofis, rigarsa duk ƙurar alli. Ya tura ƙofa da ƙafa.

"Zancen babur fa?" ta tambaya a hankali.

"Jibirin ya nemi wani."

Ya dafa teburin, muryarsa ta yi ƙasa. "Rahinatu... sake faɗa."

"Malam, a ofis muke."

"Ai shi ya sa. A gida an hana ki."

Ta rufe fuska da gyale, dariya da kuka suka haɗe mata. Ta cikin gyalen ta faɗa, can ƙasa, don shi kaɗai.

"Hayatu."