Maƙeri da Rumbun Gajiyayyu

An yi wani zamani da mutanen wani gari suka gina rumbu domin gajiyayyu. Kowa ya zuba abin da ya sawwaƙa, suka damƙa wa wani maƙeri riƙonsa.

Ran nan shugabansu ya zo ya ce, "Auna mini gero mudu biyar, zan kai wa wata tsohuwa."

"Wace tsohuwa, ranka ya daɗe?"

"Haba! Ba ka yarda da ni ba ne?"

Maƙeri ya auna, ba da son ransa ba. Bayan kwana uku shugaba ya dawo, aka sake yin haka.

A zuwa na uku maƙeri ya yi tsaki, ya yar da guduma, ya ɗora buhu a ka. Ya ce, "Na yarda. Wuce gaba, ni zan kai mata."

Suka bi wannan lungu, suka bi wancan, wuyan maƙeri kamar ya karye. Shugaba sai gumi yake, ya rasa ƙofar da zai nuna.

Maƙeri ya dire buhun a dandali ya ce, "Jama'a, ku taya mu cigiya. Tsohuwar da ta ci mudu goma ta ɓata, har da gidanta!"