Ƙofar Bayan Motar Maccido

Rana ta yi ja a kan unguwar Ƙofar Atiku, awaki suna ta komawa gidajensu. Sadiyatu tana tuƙa tuwo a tsakar gida, mijinta Maccido kuma yana tsugune a rumfar mota, yana fama da ƙofar baya. Tun ranar Asabar da ya dawo daga gonarsa ta fadamar Wamakko ƙofar ta ƙi buɗuwa, ta ciki ko ta waje. Buhun shinkafar da ya ɗauko ma ta ɗaya ƙofar aka jawo shi.

Maccido ma'aikacin ofis ne, amma yana ganin babu gyaran da ya fi ƙarfin hannunsa. Fanka ta tsaya shi ne, famfo ya toshe shi ne, kuma rabin abin da ya taɓa a gidan nan bai sake aiki ba. Sai dai wannan karon ba girman kai ne ya hana shi zuwa wurin bakanike ba. Tsoro yake ji kada bakaniken ya kanga kunne jikin ƙofar, ya ji abin da shi yake ji: wani ɗan siririn kuka, kamar na jinjirin da ya gaji.

Ya tsiyaya kananzir cikin makullin, bai yi ba. Ya lanƙwasa waya, ya zura ta tsakanin gilashi da ƙarfe, ya laluba har ta maƙale wani abu. Ladan ya fara kiran magariba daidai lokacin da ya fizgo wayar da ƙarfi.

Cikin gida ɗiyarsu Na'ima ta ƙwalla ƙara.

Suka same ta a ƙasa, allonta gefe guda, hannunta na hagu a dunƙule. Uwar ta yi ta yi ta buɗe yatsun, sun ƙi, kamar an narka su wuri ɗaya. Kafin a sallame salla dutse na farko ya faɗo kan kwanon rumfar mota. Na biyu ya biyo shi, sannan gidan ya yi tsit, har kajin suka daina motsi.

Aka kai ta asibiti, aka ɗauki hoto, aka ce babu karaya. Hannun ya kumbura, ya fara yin baƙi daga yatsu. Kullum magariba ta gabato sai jifa, kuma ba a taɓa jifar ɗaki ba, sai rumfar mota. Bayan jifar akan ji ana jan hannun ƙofar nan, a saki, a sake ja, alhali babu kowa a wurin.

"Malam," in ji Sadiyatu, muryarta ƙasa ƙasa, "ba ka taka komi ba can gona? Ba ka ga komi ba?"

"Ban ga komi ba."

Gaskiya ya faɗa, domin ba gani ya yi ba. Da wannan 'yar dabara ya kwana, kuma ta hana shi barci. Ya daina iya kallon hannun ɗiyarsa. In ta kira shi sai ya amsa daga bakin ƙofa, kunya da tsoro suna cin sa.

Ranar da likita ya ambaci yanke hannun, Sadiyatu ba ta nemi shawarar kowa ba, ta aika aka kira Malam Siddiƙu, dattijon malamin unguwar da aka sani da ruƙiyya. Ya zo bayan la'asar, ya zauna kan tabarma kusa da kan yarinyar, ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida kafin Na'ima ta tashi zaune, idanunta a rufe, ta yi magana da muryar babbar mace.

"Bar ƙona ni, Malam. Ni ma musulma ce."

"Musulma ta kama ɗiyar musulmi? Mi tay yi miki?"

"Ita ba ta yi min komi ba. Ɗana na cikin ƙohwar motar wanga mutum. Wasa shikai cikin motar sadda anka bar ta buɗe bakin hwadama, magariba ta yi. Mai motar yaz zaka shina sauri, ya bugo ƙohwa ba bisimilla, ƙarhe ya datse mai hannu."

"Ɗan'adam ba shi ganinku," in ji Malam. "Bai gan shi ba."

"Bai gan shi ba, gaskiya ne. Amma ya ji shi. Tun bakin gona ɗana ka kuka, ni kau ina gudu bayan mota ina kira. Tambaye shi mi yay yi."

Malam Siddiƙu ya waiwayo. Sadiyatu ma ta waiwayo. Maccido ya zauna a ƙasa.

"Na ji," ya ce. "Na so in tsaya, tsoro ya kama ni. Sai nik ƙara rediyo."

Sadiyatu ta kalle shi kallo ɗaya, ta mayar da idonta kan ɗiyarta, kuma ya gwammace da zaginsa ta yi.

"Hannu da hannu," in ji muryar. "In hannun ɗana ya tahi, nata ya tahi."

"Ki ji tsoron Allah," in ji Malam. "Mai laihi ga shi zaune, ya amsa. In an buɗe, za ki hita, ki rantse ba ki dawowa?"

Muryar ta ce: "Na rantse. Amma wanda ya ruhe shi za ya buɗe, da hannu nai, ba guduma, ba waya. Abin da ya riga ya samu ɗana kuma, ita ma ya same ta, ba ni da ikon maido mata shi."

Maccido ya shiga motar ta ɗaya ƙofar. Ya ciro kujerar baya ya jefar waje, ya kwanta a ƙasan motar da sukundireba, yana kwance notunan marfin ƙofar na ciki. Noti ya suɓuce, ya laluba ya ɗauko. Mutumin da ya saba fizga da bugu, yau lallaɓa ƙarfe yake yi kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro. Da marfin ya ɗago, ya haska da fitilar waya.

Ɗan ƙadangare ne fari fat, ƙafarsa ta gaba a datse cikin harshen makullin. Yatsu biyu sun murƙushe, daidai inda wayar ta kama su. Yana numfashi da ƙyar, yana kallonsa.

"Ka yahe min," in ji Maccido, hawaye suna zuba. "Bisimillahi."

Ya tura ƙarfen da ɗan yatsansa. Makullin ya ce ƙas, ƙofar ta buɗe da kanta. Wata iska mai sanyi ta ratsa motar, ta bi ta zaure ta fice. Da ya sake haskawa babu komai a wurin. A tsakar gida Na'ima ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce yunwa take ji.

Kumburin ya saɓe, baƙin ya washe, ba a sake jifa ba. Yatsu biyu ne na hannun hagu ba su ƙara miƙewa ba. Yarinyar ba ta tuna komai, kuma Sadiyatu ba ta taɓa gaya mata ba.

Ranar da ta koma makaranta Maccido ne ya kai ta. Ya buɗe mata ƙofar baya, ya jira ta zauna, ya yi bisimilla, ya rufe a hankali. Sun hau titi ke nan ta leƙo tsakanin kujeru, ta ɗora hannun nan a kafaɗarsa.

"Baba, kunna muna rediyo mana."

Ya dubi yatsun biyu a kan rigarsa. Ya kai hannu wajen rediyon, hannun ya tsaya a hanya.

"Bar shi, Na'ima," ya ce. "Yi magana, ina jin ki."